Wa Ya Karɓi Sammacin Kamfanin Alewa?

Injin naɗe alewa yana cikin aikinsa, mata ma'aikata suna cika kwalaye suna hira, sai ga motar kotu ta yi baya-baya ta toshe ƙofar kamfanin. Ma'aikatan kotu suka sauko, babbansu riƙe da takarda, ya ce a kashe injin, shi suka zo ɗauka.

Inna, mai kamfanin, ta fito daga ofis tana gyara mayafi. Gajeruwar tsohuwa ce mai ƙarfin murya. A tukunya ta fara dafa alewa a bayan gidanta, har Allah ya kai ta ga wannan gini da ma'aikata cike da shi.

"Ku ɗauka ku kai ina?" ta tambaya.

"Wurin mai shi, Inna. Dillalin da ya kawo muku injin ya yi ƙara, ya ce aro ya ba ku, ba sayarwa ba. An kawo muku sammaci ba ku je ba, alƙali ya yanke hukunci a bayan idonku."

"Aro? Injin da na saya da gumina? Kai, ɗan nan, sammacin me? Ni ko takardar gaisuwa ba wanda ya kawo mini!"

Kafin ta kai ga kama kwalar mutumin, 'yarta ta iso. Ita lauya ce, kuma da Lauya kowa ke kiranta, har uwarta. Ta karanta takardar a tsaye, ta ce wa wanta, manajan kamfanin, ya riƙe mata Inna, ta hau mota ta nufi kotu. Ta dawo da umarnin alƙali cewa a dakatar da ɗaukar injin na ɗan lokaci, har kamfanin ya kawo hujjar cewa ba a kira shi ba. Ma'aikatan kotu suka ɗaura wa injin sarƙa da kwaɗo suka tafi.

Wurin ya yi tsit. Daga nan aka fara kallon juna. Sammaci dai an ce an kawo, ke nan wani ya karɓa ya ɓoye. Masu naɗi suka ce maigadi ne. Masu dahuwa suka ce direba. Kafin a tashi aiki, ma'aikatan da suka shekara suna cin abinci a kwano ɗaya kowa ya ja nasa gefe.

Inna ta ce, "A kirawo mini Auta."

*

Auta ƙanin Inna ne, dattijo mai furfura wanda ita kaɗai ke kira da wannan suna. Yaran gidan suna ce masa Kawu, mutanen gari kuwa Mai-sawu. Ya yi shekaru yana bin sawun ɓarayi tare da 'yan sanda, da ya yi ritaya ya buɗe shagon takalma. Mutum ne mai son ado da son a yabe shi, in ba a yaba ba ya yabi kansa.

Lauya ta same shi a shago yana gwada wa wata mata takalmi. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "'Yar gidana, kin yi gudu yau, kuma kin hau bene."

"Kawu, ai kowa ya san kotu a sama take."

"To ki bar ni in ci sunana mana."

Da ya sallami matar, Lauya ta zauna a kan bencin gwaji ta ba shi labari.

"Ka ga Kawu, a wurin doka kamfani mutum ne, amma ba shi da hannun karɓar takarda. Don haka ba a miƙa sammacinsa ga duk wanda aka tarar a ƙofa. Sai dai a ba darakta, ko sakataren kamfani, ko wani babban jami'i kamar manaja, ko kuwa a ajiye shi a ofishin da kamfanin ya yi rajista da shi. In ba a yi haka ba, ba a kira shi ba. Wanda ba a kira ba kuwa, ba a yanke masa hukunci don bai zo ba."

"Ai magana ta ƙare ke nan."

"Da sauranta. Masinjan kotu ya yi rantsuwa cewa ya zo ofishinmu, ya miƙa wa sakataren kamfani hannu da hannu. Wai wani namiji."

"Wane ne sakataren naku?"

"Ni ce."

Kawu ya dube ta sama da ƙasa. "Ikon Allah. An yi irin wannan canji a gidan ba a gaya mini ba?"

Ta yi dariya duk da damuwar da ke ranta. "Alƙali ba zai watsar da rantsuwar ma'aikacinsa don kawai na ce ban gani ba. Sai na nuna masa wanda ya karɓa da inda ya karɓa. Dokar na san ta. Mutumin ne ban sani ba."

Kawu ya cire takalmin zaman shago ya sa na fita, ya goge shi da hankici, ya ɗauki sandarsa.

"Ke riƙe dokar," ya ce. "Mutumin ki bar mini."

*

Da maigadi ya fara. Ƙaton mutum ne mai ƙafa kamar faranti, yana zaune gaban murhun shayinsa ransa a ɓace.

"Wai ni na hura wuta da takardar kotu," ya ce. "Ranka ya daɗe, ni ba na karɓar takarda. Ko ta gayyatar biki ce, ofis nake nunawa."

"Ka san masinjan kotu?"

"Na san babur ɗinsa, mai tari kamar tsoho. Bai taɓa tsayawa a ƙofar nan ba. Da ya tsaya, da kunnena ya riga idona sani."

Kawu ya tona tokar murhun da sandarsa, bai ga komai ba sai ragowar kwali. Ya sha shayin da aka miƙa masa ya wuce ciki.

A bakin sito wani siririn saurayi mai tsaf-tsaf ya tare shi da gaisuwa har ƙasa. Shi ne jami'in talla na kamfanin, wanda ake kira Bakin-zuma saboda ko mai ciwon haƙori yakan sayar wa alewa.

"Kawu, barka da zuwa, yau an ga manya! Wannan takalmin naka ai shi kaɗai ya isa ya kama ɓarawo." Ya rage murya. "Ni ba na son tsegumi. Amma na ga direbanmu a gidan abinci, teburi ɗaya da Dillali. Ba sau ɗaya ba."

Direba yana wanke mota lokacin da Kawu ya tsaya a kansa. Da jin sunan gidan abincin, sai gumi ya keto masa.

"Kana zuwa?"

"Ina zuwa."

"Wurin Dillali?"

Direba ya ci gaba da matse soso. Kawu ya duƙa ya kalli ƙafafunsa. Takalmi sabo fil, an goge shi har yana ɗaukar ido, a wurin mai wankin mota.

"Wane ne ya taɓa goge takalmi don ya je ganin Dillali?" Kawu ya ce. "Ɗana, faɗi gaskiya. Wace ce?"

Direba ya rufe fuska da hannu mai kumfa. "Mai abincin ce, Kawu. Aurenta nake nema. Teburin da ke kusa da tukunya guda ɗaya ne, shi kuma Dillali nan yake zama don a ƙara masa nama. Don Allah kada ka gaya wa matan naɗi, za su kashe ni da tsiya."

Ba a san yadda aka yi ba, kafin Kawu ya kai ƙofa matan naɗi sun ji, har sun fara yi wa Direba waƙa.

*

Masinjan kotu dogon mutum ne mai natsuwa, rigarsa a goge, ya tsufa a aikin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Da Lauya ta ce ana shakkar rantsuwarsa, sai ya miƙe tsaye.

"Na je, na ga allon kamfani da idona, na miƙa wa sakatare, ya sa hannu."

"Ba mu ce ka yi ƙarya ba, Malam," in ji Kawu. "Shigo mota ka kai mu inda ka je."

Lauya ke tuƙi. Da suka iso mararrabar da ake juyawa dama zuwa kamfanin, ta sa sigina, sai Masinja ya ce, "Ina za ki? Hagu ne."

Ta taka birki ta dubi Kawu. Kawu ya gyara zama yana murmushi. "Bi hagun, 'yar gidana."

Suka shiga wani lungu a bayan kasuwa, suka tsaya gaban wani ɗan shago. Ciki mai aski ne yake yi wa wani gyaran fuska. Masinja ya fito yana kallon bangon, bakinsa a buɗe.

"Nan ne. Wallahi nan ne. Allon a nan sama yake. Akwai teburi, da kujera, da kwalayen alewa."

"Wa ya nuna maka wurin?" Lauya ta tambaya.

"Mai ƙarar. Shi ya shige gaba na bi shi. Da na ga allo, ban ƙara duba adireshin da ke cikin rajista ba." Ya cire hularsa ya mayar. "Shi sakataren yana sanye da kwat ruwan ƙasa mai layi-layi, da tabarau, ya rufe hanci da baki da takunkumi, wai mura yake yi."

Kawu ya ɗaga sanda ya taɓa ramukan ƙusa a saman ƙofar. Sannan ya sauke idonsa ƙasa, ya tsaya cak. A kan simintin dandamalin ƙofar akwai sawun takalma, sun bushe sun zama dutse.

Mai aski ya leƙo da reza a hannu. "Su kuke kallo? Kullum sai sun ɓata mini rai. Mai ginin ya ce ranar da ya sa aka yi simintin, wani ya kama shagon na ɗan lokaci, shi da baƙonsa suka tattake shi, washegari ya kwashe kayansa. Ni na gaji abin."

"Na tuna!" in ji Masinja. "Na taka, shi ma sakataren da ya rako ni ya taka, har ya yi tsaki." Ya ɗora ƙafarsa a kan sawu ɗaya, ta zauna daram.

Kawu ya tsuguna kan ɗaya sawun. Babban takalmi ne mai faɗi, da tauraro a diddigensa. Fara'ar da ke fuskarsa ta ɗauke.

"Mene ne, Kawu?"

"Na san takalmin nan. Ni na sayar da shi. Irinsa mai wannan girma ƙafa ɗaya na taɓa kawowa, kuma yayanki na ba." Ya miƙe a hankali. "Kwat ruwan ƙasa mai layi-layi fa?"

Lauya ta jingina da mota. "Tasa ce." Sannan ta ce, "Kawu, in shi ne ya karɓa, mun faɗi. Manaja babban jami'i ne. Ko a ina aka ba shi, alƙali zai iya cewa an ba kamfani."

*

A ofis, takalmin yana nan ƙarƙashin teburin Manaja, da busasshen siminti a cikin ɗinkinsa. A sito aka samu tsohon allon kamfanin a bayan buhunan sukari, da sababbin ramukan ƙusa a jikinsa.

Manaja mutum ne mai jiki, mai sanyin hali. Ya tsaya gaban uwarsa.

"Inna, kullum da safe ina cire kwat da takalmi in bar su a nan, in sa farar riga da takalmin roba in shiga wurin dahuwa. Kowa ya sani."

"Wa ya gan ka a wurin dahuwa ran nan?"

"Dukkanmu fuska a rufe muke aiki. Wa zai tuna?"

Inna ta kau da kai. Kwanan baya sun yi saɓani, shi yana son ya buɗe reshe nasa, ita ta ce lokaci bai yi ba. Kowa a kamfanin ya ji wannan faɗan.

"Injin kake so?" ta ce a hankali. "Da ka tambaye ni."

Manaja ya zaro makullan kamfanin daga aljihu ya ajiye a kan teburi, hawaye na bin kumatunsa.

"Mayar da makullanka," in ji Kawu. "Yaya, ke kuma riƙe bakinki zuwa gobe. Takalmi na gani. Ban ga ƙafa ba tukuna."

Da rana ta yi sanyi ya koma lungun shi kaɗai. Ya roƙi mai aski ruwa a kofi, ya kwanta rub da ciki a kan dandamalin da fararen kayansa, ya ɗiga ruwan a cikin sawun yana kallon inda zai taru. Masu jiran aski suka fito suka kewaye shi, har da wani da aka aske wa rabin kai. Ya auna da ɗan yatsa, ya ƙara ɗigawa, ya leƙa ta gefe. Can sai ya fashe da dariya, yana kwance yana buga ƙasa da tafi.

"Baba, lafiya?" mai aski ya tambaya.

"Lafiya lau. Kada ka bari kowa ya fasa simintin nan. Ya fi shagonka daraja."

*

Washegari ma'aikata suka tarar an baza jiƙaƙƙen yashi daga bakin ƙofa har tsakar kamfanin. Maigadi ya ce gyaran fili za a yi, kowa ya bi ta kai ya wuce. Kawu yana zaune a gefe yana shan shayi, yana amsa gaisuwa.

Da kowa ya hallara, ya tara su a babban ɗakin naɗi, inda ya sa aka shimfiɗa wani yashin a kan leda. Inna tana kan kujera fuska a ɗaure, Lauya a tsaye a bayanta, Masinja a gefe. Kawu ya ajiye takalmin Manaja a tsakiya.

"Maza huɗu ne ke shiga ofis ba tare da an tambaye su ba," ya ce. "Manaja, Maigadi, Direba, da Bakin-zuma. Kowa zai sa takalmin nan ya taka mini yashin. Manaja, fara."

Manaja ya sa ya taka. Kawu ya nuna sawun da sanda.

"Ku duba. Takalmin ya cika da ƙafa. Mutum in ya ɗaga ƙafa, da yatsu yake tura ƙasa, shi ya sa bakin takalmin ya nutse. A simintin can kuwa, da na zuba ruwa, a tsakiya ya taru. Bakin takalmin ko shafar ƙasa bai yi sosai ba, don babu yatsu a cikinsa. Diddigen kuma ya ja, kamar na yaro in ya sa takalmin babansa. Takalmin na Manaja ne, ƙafar ta wani ce, kuma ƙarama ce."

Inna ta ɗago kai ta dubi ɗanta.

Maigadi ya zo, ya yi ta fama, rabin ƙafarsa ma ta ƙi shiga. Matan naɗi suka fara dariya. "A bar shi kada ya yaga mini haja," in ji Kawu. Direba ya sa, ya yi masa yawa kaɗan, ya taka a miƙe yana kallon sama, wata ta ce ya yi tafiyar ango, aka sake fashewa.

Sai Bakin-zuma. Ya sa takalmin yana murmushi, ya buɗe ƙafafu waje, ya bi ta kan yashin yana rangaji kamar agwagwa. Ɗakin ya kaure da dariya, shi ma yana yi.

"Kawu, ka gani, ni haka Allah ya yi ni."

"Madalla. To ku biyo ni waje."

Ya kai su bakin ƙofa, wurin yashin da kowa ya taka da safe. Ya zagaye wani layin sawu da sandarsa, ƙananan takalma masu tsini.

"Na wane ne wannan?"

Kowa ya dubi takalman da Bakin-zuma ya cire ya riƙe a hannu.

"Nan ba ka san ana kallonka ba, sai ka yi tafiyarka ta gaskiya. Ƙafar dama a miƙe, ta hagu tana leƙa ciki. Sawun simintin ma haka, ta hagu tana leƙa ciki daidai wannan. A ɗakin can kai kaɗai ka canza tafiya, don kai kaɗai ka san abin da nake nema."

"Haba Kawu, ranka ya daɗe, mai girma, ai mutum yakan..."

"Tsaya!" Masinja ya matso yana nuna shi da yatsa. "Sake faɗin 'ranka ya daɗe'. Muryar ke nan! Sai dai yau murar ta warke."

Bakin-zuma ya duba dama ya duba hagu. Maigadi ya riga ya cika ƙofa da jikinsa. Sai ya zauna a kan yashin, takalmin Manaja na reto a ƙafarsa, ya faɗi komai. Dillali ne ya yi masa alkawarin cewa in injin ya dawo hannunsa zai buɗe nasa kamfanin, ya naɗa shi manaja. Shi Bakin-zuma ne ya fitar da allon a motar talla, ya ari kwat da takalmin da safe, ya mayar kafin Manaja ya fito daga wurin dahuwa. Sammacin kuwa ya miƙa wa Dillali a bayan shagon.

Lauya ta tsaya a gabansa. "Kai darakta ne?"

"A'a."

"Sakatare?"

"A'a, Anti."

"Shagon can ofishinmu ne?"

Ya girgiza kai. Ta juya ta dubi Masinja, shi kuwa ya ce zai sake rantsuwa, wannan karon da cikakken bayani.

Inna ba ta bi ta kansu ba. Ta taka har gaban Manaja, ta ɗaga kai tana kallonsa, don ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba.

"Sunkuyo," ta ce.

Ya sunkuya. Ta kama kunnensa ta ja a hankali, sannan ta rungume kansa. "Na zalunce ka, ɗan nan. Ka yafe wa tsohuwa. Maganar reshen nan, mu zauna mu yi ta."

"Yaya, ni fa?" in ji Kawu. "Na ɓata fararen kayana."

"Kai Auta, rufe mana baki, za a wanke."

*

A kotu Lauya ba ta yi doguwar magana ba. Ta gabatar da takardar rajistar kamfanin mai ɗauke da adireshinsa da sunayen jami'ansa, ta kira Masinja, ta kira Bakin-zuma, ta miƙa hotunan simintin. Kawu ya so ya yi jawabi a kan shekarunsa na aiki, alƙali ya ce ya amsa abin da aka tambaye shi kawai.

Alƙali ya ce ba a ba kowane babban jami'in kamfani sammaci ba, ba a kuma kai shi ofishin da ke cikin rajista ba, don haka kotu ba ta da hurumin yanke hukuncin tun farko. Ya soke shi, ya ce a cire sarƙa daga injin, ya miƙa Dillali da Bakin-zuma ga 'yan sanda a kan yaudarar kotu. Ƙarar injin kuwa ya ce tana nan, a sake kai sammaci yadda doka ta ce, kowa ya zo da hujjarsa.

"Wato har yanzu ana ƙararmu?" Inna ta tambaya a kan matakala.

"Ana yi, Inna. Amma yanzu za a ji ta bakinmu, kuma shaidun cinikin suna nan da ransu."

Bayan 'yan kwanaki, injin yana aiki, sai aka ji babur ya tsaya a ƙofa. Masinja ya sauko, ya karanta adireshin da ke hannunsa, ya karanta lambar ginin, ya tambayi Maigadi, ya sake tambayar mai shagon da ke kallon kamfanin. Sannan ya shigo. Ma'aikata suka bar aiki suka yi layi biyu suna tafi, ya bi ta tsakiyarsu yana ƙoƙarin ɗaure fuska.

"Ina neman sakataren kamfani," ya ce.

"Ga ni," in ji Lauya.

"Katin shaida."

Ta nuna masa. Ya duba katin, ya duba fuskarta, ya miƙa sammacin da hannu biyu. Ta sa hannu, ɗakin ya ɗauki shewa. Direba ya danna hon a waje, matan naɗi suka cika wa Masinja aljihu da alewa yana cewa aikinsa bai yarda ba, suna cewa ta jikoki ce.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga. "Inna, me ya samu? Haihuwa aka yi?"

Inna ta karɓi takardar daga hannun 'yarta ta ɗaga sama.

"Ƙararmu aka yi!" ta ce. "Shigo ki sha alewa!"